Ina son koyon fMRI daga nan Kano, ta ina zan fara?

Ɗalibar Kabuga ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malamaina da yayyena na wannan zaure, shawara nake nema kan wani abu da ya tsaya mini a rai.

Fiziyoloji na karanta a Jami'ar Bayero, yanzu ina shirin shiga digiri na biyu. Abin da nake son yin bincike a kai shi ne yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa magana, kuma daga gida abin ya samo asali. Mahaifinmu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama ne ya taɓu, magana kuma ta ɗauke. Idan yana son ruwa sai dai ya yi ta nuni da hannun hagu, kalmar ta ƙi fitowa, sunayenmu ma da ƙyar yake kamawa. Amma da an ja masa Fatiha ko Ƙulhuwallahu zai kai ƙarshe ba gargada, haka ma tasbihin bayan salla. Mutumin da ya kasa cewa a miƙo masa buta, ga shi yana karatu tiryan-tiryan. Na san tun 1861 Paul Broca ya nuna wani yanki a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu da yake da hannu wajen fitar da magana. Ni dai so nake in gane ina hadda take zaune, kuma me ya sa ta tsira alhali maganar yau da kullum ta tafi.

Duk takardar binciken da na buɗe kan wannan sai in ci karo da fMRI, wato amfani da na'urar hoton asibiti ta MRI don gano inda ƙwaƙwalwa take aiki: hoton ƙwaƙwalwa toka-toka da ɗigon ja da rawaya a inda aka ce nan ne yake aiki. Ina son in iya wannan aikin da hannuna, ba in tsaya a karanta na wasu ba. Tambayata ita ce, mutum zai iya koyonsa yana zaune a Kano, ko sai ya fita waje? Na'urorin MRI da muke da su a gari za su iya? Laftof ɗina na hannu ne, a titin Beirut na saya, RAM ɗinsa 8. Lissafina kuma bai wuce ƙididdigar da muka yi a aji biyu ba. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiyar lamarin, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Mai Ɗaukar Hoto ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ɗaukar hoton MRI ne aikina, a wata cibiya mai zaman kanta a nan cikin gari, don haka ɓangaren na'ura zan taɓa in bar wa masana sauran.

Na'ura ɗaya ce. Wadda muke duba ƙashin baya ko ƙari a ka da ita, ita ake yin fMRI da ita, salon ɗaukar ne ya bambanta. Hoton da muke yi wa marasa lafiya, mukan ɗauki minti huɗu ko biyar mu fitar da shi tsaf, kina ganin kowane lungu. A fMRI kuwa ana ɗaukar ƙwaƙwalwar gaba ɗaya duk bayan daƙiƙa 2 ko ƙasa da haka, a yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa. Kowane ɗaya dishi-dishi yake, ba kyansa ake nema ba, canjin da ke tsakaninsu ake nema. Wannan salo mai sauri EPI ake ce masa, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham ne ya fito da shi a 1977, shi ne wanda suka raba kyautar Nobel da Paul Lauterbur a 2003.

Ƙarfin maganaɗisu da tesla ake auna shi. Masu bincike a waje yawanci mai tesla 3 suke amfani da ita, wasu har 7. Tamu 1.5 ce. Ƙananan nan buɗaɗɗu da ba su kai ko rabin tesla ba, ki cire su daga lissafi. Mai 1.5 kuwa za ta yi, domin wasu daga cikin gwaje-gwajen farko da aka yi a kan mutane a Amurka a 1992 da irinta aka yi su. Sai dai akwai abubuwa a gefe. Kamfanonin da ke ƙera na'urar sukan sayar da lasisin wannan ɓangaren daban, cibiyar da ba ta bincike kuma ba lallai ta saya ba. Sannan idan kina son mutum ya ga rubutu ko ya ji magana yana ciki, sai an sami madubi da allo da abin sawa a kunne waɗanda ba ƙarfe a jikinsu, ga ƙarar na'urar tana haura desibel 100. Babban abin kuma lokaci ne. Maganaɗisun a cikin ruwan hiliyom yake, sanyinsa ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, injin sanyaya shi kuma ba ya son a ɗauke wuta dare da rana. Kin ga dizal ke nan. Duk awar da aka ba mai bincike, awar marasa lafiya ce aka cire, don haka dole wani ya biya.

Wani abu da zan so ki riƙe tun yanzu: maganaɗisun ba a kashe shi, ko da Lahadi ne ba kowa a wajen. Fil ɗin hijabi, ɗankunne, makulli, laya mai ƙarfe a ciki, duk a waje ake barinsu. Kwalli ma mukan sa a wanke, saboda wani yana da ƙarfe, sai ki ga wajen ido ya fito baƙi ƙirin a hoton. Haƙorin Makka da wayar gyaran haƙori sukan lanƙwasa hoton gaban kai. Idan wata rana za ki ɗebi mutanenmu don bincike, waɗannan ne za su fara cinye miki lokaci kafin ki kai ga ƙwaƙwalwar.

Ɗan Gwale ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Ni ba fannina ba ne, amma na ji ana cewa na'urar nan tana karanta abin da mutum yake tunani, har ta gane mai ƙarya. Haka ne? Sannan Malama, ni a ganina ki nemi gurbin karatu a waje kawai, ai abin da babu kayan aikinsa ba ya koyuwa.

Bafagge a Turai ya rubuta:

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Da fMRI nake digirina na uku, kuma zan fara da saɓa wa ɗan'uwana Ɗan Gwale. Yinin da nake yi a gaban na'ura kaɗan ne ƙwarai, sauran duk a gaban kwamfuta nake, kuma abin da nake yi a kwamfutar za ki iya koyonsa a Kabuga. Wanda ya zo neman gurbi ya riga ya iya sarrafa bayanan, ba a haɗa shi da wanda ya zo da sha'awa kawai.

Abu na farko da ya kamata ya zauna miki: fMRI ba ta ganin ƙwayoyin jijiya suna aiki. Jini take gani. Tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, idan ya sauke oksijin ɗinsa yana ɗan hargitsa maganaɗisun da ke kusa da shi, wanda yake ɗauke da oksijin kuwa ba ya yi. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna a kan ɓeraye cewa MRI tana iya ganin wannan bambancin, aka sa wa abin suna BOLD. Idan wani yanki ya kama aiki, jijiyoyin jinin wajen sukan buɗe su kawo sabon jini fiye da abin da yankin ya ci, sai mai hargitsin ya ragu, hoton wajen ya ɗan ƙara haske.

Ki ɗauka kina kan soro a unguwarku, ba kya jin abin da ake yi a cikin gidaje, 'yan garuwa kawai kike hange. Kika ga kura uku ta nufi gida ɗaya, kin san ana hidima a ciki. Amma ruwan sai an fara hidimar yake isowa, yakan fi abin da ake buƙata, kuma bai gaya miki suna ake yi ko biki ko zaman makoki ba. Ƙwayar jijiya a cikin 'yan kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa take aikinta, jinin kuwa sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake kai ƙololuwa, ya ɗauki wajen daƙiƙa 20 kafin ya lafa. Ƙarin hasken ma sau da yawa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, ido ba ya ganinsa. Ɗigon ja da rawayan da kika gani ba hoto ba ne, sakamakon lissafi ne aka shafa wa launi aka ɗora a kan hoton.

Amsar Ɗan Gwale ma tana nan. Yanki ɗaya yana shiga ayyuka da yawa, don haka ganin ya motsa bai isa a ce ga abin da mutum yake ji ba. Ana iya koya wa kwamfuta ta bambance ko fuska mutum yake kallo ko gida, bayan ta ga misalai da yawa daga kansa kuma ya ba da haɗin kai. Tsakanin wannan da kama maƙaryaci akwai tafiya mai nisa. Sannan ƙwaƙwalwa ba ta hutu: nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 na jiki ne, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa. Shi ya sa kullum kwatance ake yi, wannan hali da wancan. Mafi sauƙi shi ne mutum ya yi ta taɓa yatsun hannun dama daƙiƙa 30, ya tsaya 30, ya sake. Idan kika cire na tsayawa daga na motsi, yankin motsi na ɓangaren hagu zai fito.

Kafin a kai ga lissafin sai an yi wa bayanan wanki. A daidaita hotunan saboda motsin kai, domin milimita ɗaya ma tana iya haifar da sakamakon ƙarya. A ɗora su a kan hoton ƙwaƙwalwar mutumin da aka ɗauka tsaf. A miƙe ƙwaƙwalwar kowa ta hau ma'auni ɗaya, wanda aka fi amfani da shi na Montreal ne, MNI152. Bayan nan sai ki zana yadda kike tsammanin jinin zai hau ya sauka bisa tsarin aikin da kika ba mutum, ki tambayi kowane ɗan akwati na ƙwaƙwalwar, wato boksel, ko ya bi wannan zanen. Lissafin nan ɗan'uwan wanda kika yi ne a aji biyu, na neman alaƙa tsakanin abu biyu, faɗaɗa shi kawai aka yi.

A nan ne ramin yake, kuma ina roƙonki ki daɗe a kansa. Idan boksel ɗinki milimita 3 ne ta kowane gefe, ƙwaƙwalwa ɗaya za ta ba ki kusan 50,000. Kika yi gwaji 50,000 a kan ƙa'idar nan ta 0.05, wadda ta yarda gwaji 5 cikin 100 su fito bisa kuskure, to wajen 2,500 za su iya fitowa da sunan sakamako alhali ba komai a wajen. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa suka nuna haka a fili: suka sa mataccen kifin salmon a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, suka yi lissafin ba tare da gyaran yawan gwaje-gwaje ba, sai ga ɗigo a kan kifin. A 2016 kuma Anders Eklund da abokansa suka nuna cewa wasu hanyoyin gyaran da manyan manhajoji ke amfani da su suna barin ƙarya ta wuce fiye da yadda ake zato. Wanda ya fahimci wannan ya fi wanda ya haddace maɓallan manhaja amfani nesa ba kusa ba.

Ga yadda zan bi da a ce ni ne ke. Python tukuna, harshen ba kwamfuta umarni, har ki saba da jera lambobi da zana su. Sai Nilearn, manhajar Python ce ta sarrafa hotunan ƙwaƙwalwa, kyauta ce, kuma da layi ɗaya za ta sauko miki da bayanan gwajin James Haxby na 2001, inda mutane suka kalli fuskoki da gidaje da takalma da almakashi. Laftof ɗinki zai ɗauka. Akwai darasin Martin Lindquist da Tor Wager a Coursera kan tushen fMRI, shi zai ba ki lissafin a hankali. Daga nan ki shiga OpenNeuro, rumbu ne da masu bincike ke zuba ɗanyen bayanansu kowa ya ɗauka, ki sauke na mutum ɗaya tak ki bi shi daga farko har ƙarshe da manhajar FSL ta Oxford ko AFNI. Su biyun Linux suke so, amma ana iya girka shi a cikin Windows. Manhajar SPM ta Landan da harshen MATLAB aka gina ta, shi kuma lasisinsa kuɗi ne. Ki kuma sa ido a kan Neuromatch, makarantar intanet ce da ake yi duk shekara tun 2020, da tarukan ƙungiyar masana jijiya ta Nijeriya.

Ɗalibar Kabuga ta rubuta:

Na gode ƙwarai Yaya Mai Hoto, na gode Malam Bafagge, Allah ya saka da alheri. Bayanin jinin nan ya warware mini abin da na daɗe ina karantawa ban gane ba. To idan na fahimta, sai in sa mutum ya karanta surar da ya haddace na daƙiƙa 30, sannan ya ba da labarin abin da ya yi jiya na daƙiƙa 30, in kwatanta. In fara da masu lafiya, daga baya in koma kan masu shanyewar jiki. Wannan tsarin zai yi?

Likitar Jijiya ta rubuta:

Ƙanwata, tambayarki mai kyau ce, kuma abin da kika gani a wajen Baba muna ganinsa a asibiti: wanda magana ta ɗauke masa yana iya ƙirga, ya jero ranakun mako, ya yi salati. Abin da aka maimaita har ya zama jiki ba hanya ɗaya yake bi da sabuwar jimla ba, akwai hannun ɓangaren dama da wasu cibiyoyi na can cikin ƙwaƙwalwa.

Amma tsarin naki yana da gyara. Sura da labarin jiya sun bambanta ta fuska uku a lokaci guda: ɗaya Larabci ɗaya Hausa, ɗaya hadda ɗaya ƙirƙira, ɗaya da rerawa ɗaya babu. Idan kika ga bambanci, wanne za ki ɗora wa? Sai kin ƙara Hausar da aka haddace, kamar ƙirga ko karin magana ko waƙar da kowa ya tashi da ita, sannan abin zai rabu. Magana da baki kuma tana motsa kai da muƙamuƙi, shi ya sa sau da yawa ake cewa mutum ya yi a zuci, a nan kuma ba ki da tabbacin yana yi. Na uku ya fi damuna. Duk fMRI a kan amsar jijiyoyin jini ta dogara, mai shanyewar jiki kuwa jijiyoyin jinin ne suka sami matsala. Yanki zai iya yin aiki jinin ya makara ko ya zo kaɗan, ke kuma ki rubuta cewa wajen ya mutu.

Don haka ga shawarata kan digiri na biyu. Akwai hanyar da ake ɗaukar hoton MRI na yau da kullum, a zana iyakar inda ciwon ya ci a ƙwaƙwalwar kowane majiyyaci, a gwada maganarsa, sannan a duba wane waje ne idan ya lalace wace baiwa take tafiya. Elizabeth Bates da abokan aikinta suka fito da salon yin haka boksel bayan boksel a 2003. Ba ya buƙatar lasisi na musamman ko madubi, kuma ma'aunin Montreal da gyaran yawan gwaje-gwajen da Malam ya yi bayani duk za ki yi amfani da su. Abin da zai ci ƙarfinki shi ne gwajin maganar. Mu a ɗakin duba marasa lafiya sau da yawa na Turanci muke juyawa da baki nan take, hotunan ciki ma wasu ba abubuwan da dattijon Kano ya saba gani ba ne. Ga Hausa da karin sauti da tsawon wasali, waɗanda gwajin Turanci bai san da su ba. Idan kika zauna da masanin harshe kuka tsara gwaji na Hausa kuka gwada shi a kan masu lafiya, ni da kaina zan yi amfani da shi.

Kada ki taɓa bayanan majiyyaci ko ɗaya sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mai shi ko waliyyinsa a rubuce. Baba kuma a ci gaba da kula da hawan jini da shan magani a kan lokaci, a nemi mai koyar da magana. Tun 1973 ake da hanyar farfaɗo da magana ta rerawa, kuma wanda haddarsa ta tsira yana da abin da za a fara ginawa a kai.

Bafagge a Turai ya rubuta:

Maganar Dakta gaskiya ce, ban da abin ƙarawa sai ɗaya: kada ki ajiye fMRI ɗin, ki riƙa yinta a gefe da bayanan OpenNeuro. Idan da hali ki ƙara RAM ya kai 16, domin fMRIPrep, manhajar da ke yin wankin nan kai tsaye, tana cin awanni a kan mutum ɗaya kuma 8 zai matse ta. Ki sayi faifan ajiya na waje, ki riƙa sauke manyan fayiloli da dare lokacin da data ta fi araha, aiki mai tsawo kuma ki tayar da shi sa'ad da kika tabbatar da caji.

Mai Ɗaukar Hoto ya rubuta:

Ƙarin bayani kan abin da Dakta ta ce. Hoton da muke ba mutane a faifai DICOM ne, manhajojin bincike kuwa NIfTI suke karɓa, akwai ƙaramar manhaja dcm2niix da take juya shi. Ki sani fayil ɗin DICOM yana ɗauke da sunan majiyyaci da ranar haihuwarsa da lambarsa a ciki, ko da kin canza sunan fayil ɗin daga waje. Hoto mai kyau kuma ana iya sake gina fuskar mutum daga shi, don haka akwai manhajar da ake share fuskar da ita kafin a ba wani. Idan izininki ya fito, ki roƙi masu ɗaukar hoton su ƙara miki hoton tsarin ƙwaƙwalwa da ake ce wa T1 mai siraran yanka na milimita 1, domin wanda muke yi na yau da kullum yakan kai milimita 5, kuma da shi zanen iyakar ciwon ba zai yi daidai ba.